Wasiƙa ga Ɗiyata Mai Auna Karatun 'Yan Matan Bodinga da Shagari

Ɗiyata, ina sanar da ke cewa daftarin bincikenki ya iso hannuna, kuma na karanta shi a tsanake. Allah ya yi miki albarka. Tambayar da kika ɗauko ta cancanci wahalar da za ki sha a kanta: shin kuɗin tallafin da aka riƙa bai wa iyaye mata sun zaunar da 'ya'yansu a makaranta, ko kuwa an ci an sha ne kawai an tashi?

Na ga dalilin da ya sa kika zaɓi waɗannan wurare biyu. A kan titi ɗaya suke, wanda ya fito daga Sakkwato ya nufi Tambuwal da Jega. Harshe ɗaya, addini ɗaya, noma iri ɗaya. Bodinga tana cikin ƙananan hukumomi shida da zango na uku na shirin ilimin 'ya'ya mata ya yi aiki a cikinsu a jihar nan, tare da Binji da Goronyo da Gudu da Kebbe da Wurno, shirin da UNICEF ta gudanar da kuɗin gwamnatin Birtaniya tun daga 2012. Tsakanin 2014 da 2016 aka yi rabon kuɗin a jihohin Sakkwato da Neja, naira 5,000 kan kowace yarinya mai shekara 6 zuwa 15 a kowane zagayen biya, a damƙa wa uwa ko mai riƙo, ba tare da an gindaya sharaɗi ba. Shagari ba ta cikin shidan. Sai kika ce to ga waɗanda suka samu, ga waɗanda ba su samu ba, a ƙirga, a ɗebe wannan daga wancan, abin da ya rage shi ne amfanin kuɗin.

A nan nake so ki ɗan ja birki.

Ba ƙuri'a aka jefa ba wajen raba kuɗin nan. Mutane ne suka zauna suka zaɓi ƙananan hukumomi, suka zaɓi makarantu, kuma da gangan suka nufi garuruwan da 'yan mata suka fi yawan zaman gida. Bayan haka wasu mutanen suka bi gida-gida da rajista, wasu magidanta suka buɗe ƙofa, wasu suka ce a wuce. Duk inda mutum ya yi zaɓi, dalilinsa yana biye da abin da ya zaɓa. Manomin da ya shuka sabon iri a gonar da ta sha taki, ya bar tsohon iri a jigawar da ta gaji, idan kaka ta yi ba shi da bakin cewa irin ne ya cika masa rumbu. Wataƙila irin ne, wataƙila takin ne, kuma dammunan da ya ɗaure ba za su raba masa gardama ba. Wannan ita ce matsalar da masana ƙididdiga suke kira karkatar zaɓi, kuma ita ce babbar cutar duk binciken da ke duba abin da ya riga ya faru maimakon gwajin da mai bincike ya tsara da hannunsa.

Garin Shagari kansa yana da darasi a kan haka. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925, ya yi elementare a Yabo, ya wuce Midil ta Sakkwato, ya tafi Kwalejin Kaduna, ya koyar, ya zama shugaban ƙasa a 1979. Wanda ya ɗauki jerin yaran da suka shiga elementare a wancan zamani ya ga inda suka kai, zai rantse cewa makarantar ce ta yi komai. Makarantar ta yi nata, babu musu. Amma yaron nan ɗan Magajin Shagari ne, kuma a lokacin Turawa yawancin waɗanda ake kaiwa boko daga gidajen sarauta da na kusa da su suke fitowa, ko kuma yaran da hakimi ya ɗora wa ido. Tun kafin su riƙe alli sun riga sun bambanta da ɗan talakan da ke kiwo a bayan gari. Irin wannan gardama ce ta tashi a Amurka a 1982, da James Coleman da abokan aikinsa suka wallafa cewa ɗaliban makarantun Katolika sun fi na gwamnati ƙoƙari. Aka shekara da shekaru ana ja-in-ja: makarantar ce, ko iyayen da ke iya biya kuma suka damu su biya? Duk ranar da wani ya ce miki makarantun kuɗi na cikin garin Sakkwato sun fi na gwamnati domin ga sakamakon jarrabawa, ki tuna masa da wannan tambaya.

A naki binciken karkatar tana iya jan ki ta kowane ɓangare, shi ya sa ta fi haɗari. Tunda an nufi garuruwan da suka fi koma baya, kina iya auna su ki tarar har yanzu suna ƙasa da na Shagari, ki rubuta cewa kuɗin ba su yi komai ba, alhali sun ɗaga su daga inda ya fi haka muni. A cikin gari ɗaya kuma, gidajen da suka fara miƙa sunayen 'ya'yansu galibi su ne masu sha'awar karatun tun asali, sai amfanin kuɗin ya kumbura a takarda fiye da yadda yake a ƙasa.

Malaminki ya yi daidai da ya ce ki koyi ɗora nauyi. Bari in shimfiɗa miki shi da alƙaluman da na ƙirƙira don misali kawai, kada ki kai su cikin kundinki. A ɗauka akwai 'yan mata 200, ɗari suna cikin gari kusa da makaranta, ɗari suna ƙauyukan nesa. Masu rajista sun fi samun na kusa: 80 daga cikinsu sun shiga tallafi, 20 ba su shiga ba. Na nesa kuwa 20 ne suka shiga, 80 suka rasa. A ɗauka kuma cikin na kusa, masu tallafi kashi 70 cikin ɗari sun kammala firamare, marasa tallafi kashi 60. Cikin na nesa, masu tallafi kashi 40, marasa shi kashi 30. Kin ga ko'ina aka duba, tallafin ya ƙara goma ne. Amma ki haɗa masu tallafi duka wuri ɗaya: 56 na kusa da 8 na nesa sun kammala, 64 ke nan cikin ɗari. Marasa tallafi: 12 da 24, wato 36. Bambanci 28. Wanda ya yi gaggawa zai hau mumbari ya ce tallafi ya ƙara 28, alhali 18 daga ciki nisan hanya ne ya sa rigar tallafi.

Gyaran shi ne a tambayi kowace yarinya: mene ne yiwuwar mai irin halinki ta tsinci kanta a rukunin da kike? Sai a ba ta nauyin da ya yi daidai da kishiyar wannan yiwuwa. 'Yar nesa da ta samu tallafi abu ne mai wuya, biyu cikin goma, don haka a ƙirga ta sau 5, ta tsaya wa kanta da 'yan uwanta huɗu da ba su samu ba. 'Yar cikin gari da ta samu ba abin mamaki ba ce, takwas cikin goma, nauyinta 1.25. A ɗaya rukunin a juya: 'yar cikin gari da ta rasa, sau 5, 'yar nesa da ta rasa, 1.25. Idan kika sake lissafi, kowane rukuni ya koma tamkar mutum 200, rabi na kusa rabi na nesa. Masu tallafi su ba ki 55 cikin ɗari, marasa shi 45. Goman nan ta gaskiya ta fito. Ki ɗauki biro ki yi shi da hannunki kafin ki buɗe Stata ko R, domin wanda bai taɓa yin sa a takarda ba ba ya gane lokacin da kwamfuta ta ba shi shirme.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Horvitz da Thompson ne suka kafa ta a 1952 don gyara samfurin da ba kowa ke da damar shiga daidai da kowa ba. A 1983 Paul Rosenbaum da Donald Rubin suka nuna cewa ko da halayen da suka bambanta mutane sun kai ashirin ko talatin, ana iya dunƙule su a lamba ɗaya, wato makin yiwuwar shiga, a yi aiki da ita. Da makin nan wasu suke haɗa kowace mai tallafi da takwararta marar tallafi, wasu kuma su ɗora nauyi kamar yadda na nuna miki. Hanyoyin 'yan uwan juna ne.

To amma ki lura da abin da ya sa misalina ya yi daɗi. Ni na ƙirƙiri duniyar, na san cewa nisa kaɗai ne ya raba yaran, kuma na rubuta nisan kowace. A garuruwan Bodinga irin su Danchadi ko Sifawa ba wanda zai miƙo miki wannan. Nauyi yana daidaita abin da kika auna ne kika shigar a jadawali, iyakarsa ke nan. Kuma abubuwan da ke yanke hukuncin karatun 'ya mace a ƙasarmu yawancinsu ba sa cikin fom. Uwar ta yi Islamiyya, tana iya karanta wasiƙa? Tallan da yarinyar ke fita da shi, fura ce ko ƙuli-ƙuli ko dafaffiyar gyaɗa, shi ne ke tara kuɗin kayan ɗakinta? An riga an karɓi gaisuwar wani a kanta? Uban yana gida, ko ya tafi cin rani ya bar magana a hannun kaka? Limamin unguwar me yake faɗa bayan sallar Juma'a? Akwai malama mace a makarantar, akwai bayan gida mai ƙofa? Mai unguwa yana shiri da shugaban kwamitin makaranta, ko suna 'yar tsama, har ta shafi sunayen da aka rubuta? Kowanne cikin waɗannan yana iya tura yarinya cikin rajista kuma ya zaunar da ita a aji, ko da kuɗi ko babu. Wanda kika bari a waje, zai dawo ya ɓuya cikin sakamakonki da sunan amfanin tallafi.

Kada ki ɗauka tsoron tsofaffi ne kawai. A 1986 Robert LaLonde ya ɗauki wani shirin koyar da sana'a a Amurka wanda aka raba shi da ƙuri'a, saboda haka an san amsarsa ta gaskiya. Ya ajiye rukunin kwatancin na ƙuri'a, ya ɗauko wasu mutane daga manyan safiyo, ya gwada dabarun ƙididdiga na zamaninsa. Amsoshin suka watse, wasu sama, wasu ƙasa, wasu ma suka ce shirin cutarwa ya yi. Daga baya Dehejia da Wahba suka nuna a 1999 cewa makin yiwuwar shiga yana matsowa kusa da gaskiya idan an san abin da mutanen suke samu kafin shirin, kuma ko wannan bai kashe gardamar ba. Shi ya sa idan aka zo maganar kuɗin tallafin karatu ake yawan ambaton Progresa ta Meziko, wadda ta fara a 1997 aka raba ƙauyuka 506 da ƙuri'a, da gwajin Zomba a Malawi da aka fara a 2008, inda aka ga tallafi mai sharaɗi ya fi riƙe 'yan mata a aji, marar sharaɗi kuma ya fi rage aure da ɗaukar ciki da wuri. Su sun samu ƙuri'a. Ke ba ki samu ba, don haka abin da zai maye miki gurbinta shi ne sanin yadda aka yi zaɓin, filla-filla. Wannan sani kuwa a zaure yake da tsakar gida, wurin tsohon hedimasta da matan ƙungiyar iyaye da wanda ya riƙe rajista. Zuwa da kai ya fi aike.

Akwai wani rami da ya fi wannan zurfi, kuma tsarinki yana bakinsa. Idan duk masu tallafinki 'yan Bodinga ne, duk marasa shi 'yan Shagari, to yiwuwar 'yar Shagari ta samu sifili ce, kuma ba a raba ɗaya da sifili. Manhaja ba za ta yi ƙorafi ba muddin ba ki shigar da sunan ƙaramar hukuma ba, za ta ba ki maki da nauyi lafiya lau. Sai dai duk abin da ya bambanta wuraren biyu, kusancin Bodinga da birni, sakataren ilimi mai himma a nan ko can, wata ƙungiya da ta raba littattafai a gefe guda, zai manne da tallafin, ba nauyin da zai ɓamɓare shi. Ga kuma sauran ayyukan shirin kansa, horar da malamai da tallafin kwamitocin makarantu, waɗanda suka sauka a wuraren da kuɗin suka sauka. Shawarata biyu ce. Ki nemi makarantun cikin Bodinga da rabon bai kai gare su ba, su zama rukunin kwatanci na biyu. Sannan ki tono alƙaluman kafin 2014 na wuraren duka, daga ƙidayar makarantu ta shekara-shekara da ke hannun ma'aikatar ilimi da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, domin ki kwatanta yadda kowane wuri ya motsa daga inda ya faro. Tazarar da ke tsakaninsu tun asali sai ta fita daga lissafi. Ki dai riƙa kallon rajistar makaranta da ido biyu: duk inda aka ji cewa suna a takarda yana kawo kuɗi, takarda takan cika fiye da aji.

Sai waɗanda ba su cikin kowace takarda. 'Yar rugar da iyayenta suka tashi da shanu kafin masu rajista su iso, da wadda aka kai riƙo wani gari, da wadda aka ce ta wuce sha biyar alhali ba wanda ya rubuta ranar haihuwarta. Nauyi yana ƙara muryar wadda ta zo da ƙaramar murya ne. Wadda babu irinta ko ɗaya a samfurinki ba ki da abin da za ki ninka. Kuma shekaru sun ja. Yarinyar da ke da shekara goma a 2014 yau matar aure ce, mai yiwuwa a wani gari. Waɗanda za ki fi saurin samu su ne waɗanda suka daɗe a makaranta, masu waya, waɗanda malamai ke tunawa da sunansu. Idan kika tsaya a kansu kin sake yin zaɓi a karo na biyu, da hannunki. Ana iya ɗora wani nauyin don cike gurbin waɗanda suka ɓace, amma ya fi miki ki ware kuɗin mota ki bi sawun wasu daga cikinsu har gidajen mazajensu, ko da kaɗan ne, ki ji yadda tasu ta kasance. Binciken waya kaɗai kada ki yarda da shi. Mujallar Literary Digest ta tara amsoshi sama da miliyan biyu a 1936 ta ce Landon zai kayar da Roosevelt a zaɓen Amurka, Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Yawan amsa bai gyara karkatar waɗanda suka amsa ba.

Idan kin fitar da nauyin, ki jera su daga babba zuwa ƙarami ki dube su da idonki. Za ki iya tarar da yarinya ɗaya mai nauyin 40 ko 60. Ma'anarsa ita kaɗai take magana da bakin aji guda, kuma idan ranar da kika gwada karatunta zazzaɓi ne a jikinta, sakamakon kundinki ya bi zazzaɓin. Masana suna datse irin wannan nauyi, ko su taƙaita bincike ga yaran da ke da takwarori a rukunan biyu. Duk wanda kika yi halal ne, da sharaɗin ki faɗa, kuma ki faɗi su wa kika ajiye a gefe, domin daga nan amsarki ta daina shafar su. Ki kuma lissafa yawan samfurin da ya rage miki a zahiri bayan nauyi, akwai ƙa'idar Kish don haka. Mutum ɗari biyar suna iya komawa tamkar ɗari da hamsin, kuma tazarar kuskurenki dole ta faɗaɗa daidai da haka.

Wani kuskuren da ƙwararru ma suke faɗawa: shigar da abin da tallafin ne ya haifar da shi cikin lissafin makin. Kayan makaranta, takalmi, awakin da uwa ta saya, yawan kwanakin da yarinya ta daina talla, duk waɗannan hanyoyi ne da kuɗin suka bi suka yi aiki. Idan kika daidaita rukunan a kansu kin toshe hanyar, sannan ki ce ba ki ga abin da ya wuce ba. Abin da ya riga rabon kuɗi kaɗai ke shiga. Tunda tambaya za ki yi bayan shekaru, ki ɗaure ta da abin da ba a mantawa, kamar rufin ɗaki ko mallakar gona ko sana'ar maigida a shekarar da aka fara rabon.

Game da jadawalin daidaito, ki yi shi kafin ki kalli sakamako. Ki ba malaminki fayil ɗin da ke ɗauke da wadda ta kammala da wadda ta fita ya riƙe, ke kuma ki yi ta gyaran makinki har rukunan biyu su yi kama a kan kowane hali da kika auna. Yawancin masu aikin nan suna neman tazarar da ba ta wuce 0.1 ba a ma'aunin da aka daidaita. Ba don ina zargin ki ba ne. Zuciya ce, idan ta ga lambar da take so takan daina bincike a nan. Bayan an buɗe sakamako kuma, ki yi wa kanki tambayar da Cornfield da abokansa suka yi a 1959, lokacin da ake cewa wataƙila wani ɓoyayyen hali ne ke sa mutum shan taba kuma ya sa masa ciwon dajin huhu: yaya ƙarfin ɓoyayyen abin zai kai kafin ya share abin da na gani? Su sun nuna sai ya yi ƙarfin da hankali ba zai ɗauka ba. Idan naki sakamakon ɗan ƙaramin abu kamar ra'ayin kaka zai iya share shi, ki rubuta haka ƙarara.

Na ga kuma kina son faɗaɗa sakamakon ya zama na jihar Sakkwato baki ɗaya, da ƙananan hukumominta 23. Wannan wani nauyin ne daban, na daidaita samfur da yawan jama'a, kuma yana bukatar sanin yawan jama'ar. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Nijeriya ta 2006 ce, duk abin da ya biyo baya hasashe ne. Ni dai da za ki ji tawa, ki tsaya a kan wuraren da ƙafarki ta taka. Kwamishina zai so lamba ɗaya mai faɗi, masu ba da tallafi ma haka, amma sunanki ne zai zauna a bangon kundin.

Babi na uku nake so ki sake wa zama. Ki buɗe shi da shafi biyu ko uku da ke bayyana, mataki-mataki, yadda suna yake shiga rajista a 2014: wa ya zaɓi makaranta, wa ya yi shela, wa ya bi gidaje, wa aka mayar da dalilin me. Daga wannan labarin ne jerin halayen da za ki auna zai fito. Idan za ki shiga gidaje, ki fara da gaishe da hakimi da mai unguwa, ki tafi da mace 'yar garin, ki guji ranar kasuwa da lokacin girbi, kuma sunan kowace yarinya ya tsaya a littafinki, lamba kawai za ta shiga kwamfuta. In kin gyara ki aiko min da shi tare da fom ɗin tambayoyin, da Hausar da za a yi su da ita, in duba kafin ki kai wa malaminki.

Ki gaishe da maigidan da yara. Allah ya ba da sa'a.

Wassalam,
Baffanki